Kokon Da Na Ba Surukina Ranar Tiyata

Ba zan taɓa mantawa da Larabar nan ba, ko da tsufa zai kai ni inda zan riƙa rikita sunayen jikokina. Yanzu na ajiye aiki, na koma 'yar gonata da ke bayan gari, amma har gobe in na ratsa ta teburin mai shayi sai wani ya ɗaga murya ya ce, "Baba Mai Koko, an fito?" Da can sunkuyar da kai nake yi in wuce. Yanzu kuwa amsawa nake yi da ƙarfi, har in tsaya a gaisa. Tunda sun ƙi barin maganar ta mutu, gara in ba da labarin da bakina, kafin su zuba masa gishirin da ya fi wanda ke ciki.

Ni ba likita ba ne, ba nas ba ne. Karatuna firamare ne da na allo. Aikina a ɗakin tiyata na asibitin ƙaramar hukumarmu, nan arewa da Kano, shi ne in turo majinyaci a kan gado, in wanke ɗaki in an gama, in kai kayan aiki wurin dafawa, in ɗaga wanda ba ya iya ɗaga kansa. Na kusa shekara talatin ina yi. Likitoci su zo su tafi, ni ina nan, har aka laƙaba mini Sarkin Tiyata. (Su wasa suke yi. Ni kuwa da gaske na ɗauka, kuma daga nan matsalar ta faro.)

In na faɗa maka yadda muke tafiyar da ɗakin nan a da, sai ka riƙe baki. A rubuce, ƙarfe takwas ake fara aiki. A zahiri kuwa sai mun gaisa, mun tambayi iyali da gona, mun sha shayi, an nemo wanda ya tafi da makullin ɗakin kaya. Wajen goma da rabi sai a ce in ɗauko na farko. In an gama da shi sai na wanke ɗaki, na ɗan huta, sannan in taka a hankali zuwa ɗakin kwanciya neman na biyu, wanda sau da yawa ya fita alwala ko ya zaga. Ranar da muka yi mutum uku, mun yi abin a yaba. Sauran, waɗanda suka kwana da yunwa suka wuni da ita, sai a ce su koma gida sai wani makon. Mutum ya bar aikinsa, ya sha hanya daga ƙauye, ya koma da ciwonsa yadda ya zo da shi. Ba mu taɓa ganin laifinmu ba. Cewa muke yi, "Allah bai nufa yau ba."

Wannan yunwar da nake gani ce ta sa na ƙirƙiro tawa dabarar. Doka ta ce wanda za a yi wa aiki kada ya ci komai. Ni kuwa in na ga dattijo leɓensa ya bushe, ko tsohuwa tana rawar jiki, sai in faki ido in tsiyaya mata koko daga filas ɗina. A raina ina cewa, wane irin tsari ne za a yanka mutum ciki ba komai? Ko rago ai ana ba shi ruwa kafin a kayar da shi. Ban taɓa tambayar dalilin dokar ba. Sarki ai ba ya tambaya.

Ana haka aka turo mana Likita Rukayya. Yarinya ce, ba ta fi sa'ar 'yata ta biyu ba. 'Yar nan wajen Dawakin Tofa ce, amma a Masar ta yi karatun likita. Da ta dawo gida ta ci jarrabawar da ake yi wa waɗanda suka yi karatu a waje, sai ta shiga koyon aikin sa barci, wato aikin likitan da ke yi wa mutum allura ya kashe masa jiki ko ya sa shi barci, ya kuma tsare numfashinsa har a gama yanka. Tunda tana kan koyo, ba ta da izinin yin aiki ita kaɗai. Sai da wani babba a kanta, Dakta Sabo, wanda ke zuwa daga birni duk Laraba. Saboda haka Laraba ce kaɗai ranar manyan ayyuka a wurinmu, kuma ƙarfe huɗu ake kashe janareta, ko an gama ko ba a gama ba.

Makonta na farko ta kafa wani farin allo a bango. Ta rubuta sunayen waɗanda za a yi wa aiki, da lokacin da kowa zai shiga. Ta ce takwas za a fara, kuma kafin a gama da wannan, na gaba ya riga ya iso bakin ƙofa. Ta kuma zo da wata al'ada: kafin a taɓa mutum, sai kowa ya yi shiru ta tambaye shi da ƙarfi sunansa, da inda za a yi masa aiki, hagu ko dama, da ko ya ci wani abu.

Abokin aikina Isuhu, wanda muka shiga aiki shekara ɗaya da shi kuma ba ya raga mini, ya zungure ni ya ce, "Sarki, an yi maka juyin mulki."

Na ce, "Bar ta. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi. Tun ba a yi mata suna ba nake tura gado a nan. Wannan allon, wata biyu na ba shi, za mu rataya riguna a kansa."

Ba na ɓoye maka, na yi mata taurin kai iya taurin kai. In ta ce, "Baba, don Allah a kawo na gaba," sai in ce, "To, Likita," in tafi in tsaya hira da mai gadi. A bayan idonta 'yar Masar muke kiranta. Nakan ce wa mutane karatun waje karatun littafi ne, ba su san jikin Bahaushe ba, mutumin da ya saba tuwon dawa ba ɗaya yake da mai cin burodi ba. (Ni da ban taɓa wuce Zariya ba nake yi wa mutane bayanin jikin Misirawa.) Ita kuwa ko sau ɗaya ba ta ɗaga mini murya ba. Kullum "Baba, ina kwana," har da ɗan rusunawa. Wannan ladabin ma haushi yake ba ni, don ya hana ni abin kamawa.

To, sai ga maganar surukina. Mahaifin maiɗakina ne, limamin masallacin unguwarmu. Ba zan kama sunansa ba, Malam nake ce masa. Ya daɗe yana fama da ƙaba, irin wadda ke sauka ta hana mutum sunkuyawa, amma kunya ta hana shi faɗa, sai da ta kai ba ya iya ɗaukar kwandon taki. Malam kuwa da hannunsa yake noma gonarsa, ita ce cin gidansa, kuma ka san yadda gonakinmu suke, gona jikin gona, in ka bar taka shekara ɗaya ba shuka sai masu yanka filaye su fara zuwa gaishe ka. Bazara ta yi nisa, hadari ya fara haɗowa ta gabas. Aka ce in an yi masa aiki yanzu, zai warke ya kama noman farko. Aka sa shi a Larabar ƙarshe kafin Dakta Sabo ya tafi aikin Hajji. In wannan ranar ta wuce, sai bayan Babbar Salla da makonni, damina ta riga ta yi tsakiya.

Mutum shida ne a allo ranar. Likita Rukayya ta sa Malam na farko saboda shekarunsa, don kada ya daɗe da yunwa. Kwana ɗaya kafin aikin ta je har gadonsa ta durƙusa ta ce masa kada ya ƙara cin komai bayan abincin dare.

Da safe ina shirin fita, maiɗakina ta cika mini filas da koko, ta ƙulla ƙosai a leda kamar kullum. Ta dube ni ta ce, "Naka ne fa. An ce Baba ba zai ci komai ba."

Na ce, "Ke da ni wa ke aiki a tiyata?"

Ta ce, "Ni dai na faɗa."

Wajen ƙarfe bakwai na shiga ɗakin kwanciya. Malam na zaune a bakin gado da carbinsa, an sa masa rigar asibiti, mutumin da ban taɓa gani ba rawani ba. Zafi ya riga ya fara, leɓensa ya bushe. Na cire takalmi, na durƙusa, na gaishe shi kaina a ƙasa. Sai zuciyata ta ce, yau ga uban matarka a gidanka, don asibitin nan ai gidana nake ɗaukarsa, zai kwana ya tashi ba ka ba shi ko ruwa ba? Me za a ce a gari? Na ja labule, na tsiyaya koko, na miƙa da hannu biyu.

Malam ya ce, "Yarinyar nan ta ce kada in ci."

Na ce, "Allah gafarta Malam, wannan dokar mutanen waje ce. Kuma ai allurar baya za a yi, mai kashe jiki daga ƙugu zuwa ƙasa, ba barci za a sa ba. Shekara nawa muna yi."

Ya ce, "To, kai ne a ciki, kai ka sani." Ya yi bismilla ya sha. Na ƙara masa, ya shanye. Na buɗe ledar ƙosai, ya ɗauki uku. Da zan fita na ɗan rage murya na ce, "Sai dai, Malam, in an tambaya, a ce ba a ci ba." Ya ɗago ya dube ni, bai ce komai ba. Ni kuma na ɗauki shirun nan a matsayin ya yarda. (Shekara ashirin da wani abu ina bin mutumin nan salla, amma ban san shi ba.)

Takwas saura kaɗan na turo shi. Ɗaki ya cika: Dakta Sabo da farin gemunsa, likitan fiɗa ya riga ya wanke hannu, Sista Binta mai kula da kayan aiki, Isuhu, ga kuma wasu ɗaliban nas biyu da aka turo kallo. Likita Rukayya ta dube ni ta ce, "Baba, tunda kai ka ɗauko shi, an tabbata bai ci komai ba?"

Na ɗaga kai kamar mai ba da shaida a kotu na ce, "Ko ruwa bai sha ba, Likita."

Da ma a nan ta tsaya, da yau ba ni da labari. Amma al'adarta al'adarta ce. Ta ce kowa ya yi shiru. Ta sunkuya kusa da Malam.

"Baba, mene ne sunanka?" Ya faɗa.

"Wane gefe za a yi aikin?" Ya ce dama.

"Tun jiya da dare ka ci wani abu, ko ka sha?"

Na matsa bayanta ina yi wa Malam ido, ina girgiza kai. Surukina fa, wanda ko haɗa ido ba na yi da shi. Malam ya gyara murya irin yadda yake yi in zai tayar da salla, ya ce:

"'Yata, na sha koko kofi biyu da ƙosai uku, ɗazu da bakwai. Surukina ne ya kawo mini, ga shi nan, Allah ya yi masa albarka, ya ji tausayina. Ya ce in ce ban ci ba. To amma ni ban san ko zan tashi daga gadon nan ba, ba zan so maganata ta ƙarshe ta zama ƙarya ba."

Ka taɓa jin shirun da har ƙarar fanka ke zama kamar injin niƙa? Shi ya sauka a ɗakin nan. Duk idanu suka juyo kaina. Na buɗe baki in ce wani abu, sai Sista Binta ta nuna aljihun rigata. Na duba. Man ƙosai ya fito ta leda ya yi zane a koren yadi, faɗin tafin hannu. Ɗaliban nan biyu suka juya fuska bango, kafaɗunsu na rawa. Isuhu ya ce a hankali, amma kowa ya ji, "Allah ya ja zamanin Sarki."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, wallahi da na shige na ja ta na rufe.

Amma ka san hali. Maimakon in ba da haƙuri, sai na sake ɗaga kai na ce, "To ai allurar baya ce. Koko ne fa, ba tuwo ba."

Dakta Sabo ya cire tabarau ya ce, "A cire shi. Sai na dawo daga Hajji." Likitan fiɗa ya fara kwance safar hannu yana tsaki. Nan ne na hango gonar Malam ba shuka, na hango fuskar maiɗakina.

Likita Rukayya ba ta dube ni ba. Allon ta duba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, da koko ne kaɗai da awa shida ta isa, amma da ƙosai, mai ne, sai takwas. Bakwai ya ci, ke nan sai ƙarfe uku. In muka mayar da shi na ƙarshe, muka gama biyar ɗin nan kafin uku, zai shiga ya fito kafin a kashe janareta."

Dakta Sabo ya ce, "Biyar kafin uku? A wannan ɗakin? Cire mutum ɗaya ki sa shi."

Ta ce, "Su ma tun jiya suke da yunwa, kuma su sun kiyaye. Ba zan cire kowa ba. Ayyukan yau ba masu tsawo ba ne. Ba yankan ke cinye mana rana ba, tsakanin wannan da wancan ne." Sai a lokacin ta juyo gare ni. "Wannan kuwa a hannun Baba yake."

Dattijon ya dube ta, ya dube ni, ya mayar da tabaransa ya ce, "Ɗakinki ne yau. Ni kallo zan yi."

Na tura Malam na mayar da shi ɗakin kwanciya. Da na dawo da na biyu, sai Likita Rukayya ta tare ni a baranda, inda ba kowa. Na ɗaure fuska ina jiran faɗa. Sai ta ce, "Baba, an taɓa gaya maka dalilin dokar nan?"

Na ce, "Doka ce kawai."

Ta ce, "Ko allurar baya aka yi, wani lokacin ba ta kamawa, ko abu ya rikice, dole a sa mutum barci nan take. Mai wannan barcin ba ya iya tari, ba ya iya haɗiya. In akwai abu a cikinsa, sai ya taso ya gangara huhu. Kokon nan da ka ba shi don tausayi, a huhu guba ne. Ba laifinka ba ne da ba a gaya maka ba. Amma yau na gaya maka."

Ta shige ta bar ni riƙe da gado. A nan tsaye na tuna wani manomi, shekaru da yawa baya, wanda na ba fura da hannuna. Ya yi amai a kan teburin aiki, aka yi ta fama, daga baya aka wuce da shi birni yana numfashi da ƙyar. A lokacin cewa muka yi jikinsa ne bai karɓi magani ba. Ban san ƙarshensa ba, ban ma riƙe sunansa ba. Wannan ba na ba da shi da dariya. Har yau ina sa shi a addu'a, ina kuma neman gafara.

To, daga nan fa sai aiki. Jama'a, ranar na yi gudun da ban yi ba tun ina saurayi. Ana ɗinke wannan, na riga na ajiye na gaba a bakin ƙofa, an auna shi, an yi masa tambayoyinsa. Ana fito da mutum, ni da Isuhu mun faɗa ɗaki, shi da bokiti ni da tsumma, Sista Binta ta riga ta jera kayan aiki na biyu tun na farko na kan wuta. Ashe duk abin nan mai yiwuwa ne. Isuhu yana goge ƙasa yana cewa, "A hankali, Sarki, kada mu sa ka a allo na bakwai." Ban kula shi ba. Wata mata da za a yi wa aiki na huɗu na nema na rasa, ashe ta fita gaida 'yan'uwanta a gindin darbejiya. Da can sai in tsaya a gaisa da kowa. Ranar daga nesa na ɗaga hannu na ce, "Inna, hau gado, gaisuwa sai kin fito!"

Azahar ma bi da bi muka yi ta, wannan ya je ya dawo wancan ya tafi, ɗaki bai tsaya ba. Shayi kuwa ko maganarsa ba a yi ba. Sauran kokon nan yana cikin filas a kan taga, na kasa ko kallonsa. Ni ma na wuni da yunwa, kuma na ji abin da muka daɗe muna ɗora wa mutane.

Na biyar ya ɗan ba da wahala. Ina tsaye a ƙofa ina kallon agogon bango. Uku ta yi. Uku da minti biyar. Mai kula da janareta ya leƙo ta taga ya nuna mini yatsu huɗu, na yi kamar ban gan shi ba. Uku da minti goma aka fito da mutumin. Ban san yadda muka wanke ɗakin nan ba. Na dai san uku da kwata Malam yana kan tebur.

Likita Rukayya ta sake cewa kowa ya yi shiru. Ta sake tambayar suna, ta sake tambayar gefe. Sannan ta ce, "Baba, tun bakwai ka ƙara cin wani abu?"

Malam ya ce, "A'a, 'yata. Bai sake zuwa ba."

Har Dakta Sabo sai da ya yi dariya. Ni ma na yi, don ba yadda zan yi.

Ta zaunar da shi, ta lanƙwasa masa baya, ni na riƙe kafaɗunsa. Na ga yadda ta laluba ƙashin bayan da yatsa, ta sa allura sau ɗaya, ba kuskure. Dakta Sabo na tsaye hannunsa a baya, bai ce gyara ba. Malam yana ta salati har aka gama. Huɗu saura 'yan mintuna na turo shi waje, muna cikin baranda janareta ya mutu. Mutum shida a rana ɗaya, ba wanda aka mayar gida da ciwonsa. Tun da aka gina ɗakin nan ban taɓa gani ba.

Kafin in tashi na sami Likita Rukayya tana goge allo. Na ce, "Likita, na yi miki ƙarya a gaban mutane, kuma na daɗe ina ja miki aiki. Ki yafe mini."

Ta ce, "Haba Baba, ya wuce. Amma ka ga abin da kake iyawa? Yanzu ba ka da mafaka."

Na karɓi tsumman daga hannunta na ƙarasa gogewa. Daga ranar ni ke rubuta sunaye a allon nan, da ɗan rubutuna mai karkata. Kuma ni ke zagaya ɗakin kwanciya da safe ina ƙwace kwanuka. In tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, kurɓi ɗaya fa," sai in zauna in yi mata bayanin huhu dalla-dalla, kamar ni na je Masar.

A gida kuwa ba sai na faɗa ba. Maiɗakina ta karɓi filas, ta girgiza shi, ta ce, "Ni da kai wa ke aiki a tiyata?" Mako guda tana dama mini koko ta ajiye a gabana tana ɗan murmushi. Labari kuma ya riga ni isa gari, don Isuhu bakinsa ba ƙofa. Sarkin Tiyata ya mutu ranar, aka naɗa Baba Mai Koko.

Malam ya warke. Ruwan shuka ya sauka yana iya takawa, ya kama noman farko da hannunsa, a hankali. Da kaka ya aika wa Likita Rukayya damin gero da kwaryar gyaɗa. Ni bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya, har Allah ya karɓi abinsa. Wannan shirun ya fi mini bulala zafi.

Ita kuwa ta gama koyonta, yanzu ita ke tsayawa hannu a baya tana duba wasu. Kwanakin baya a wurin mai shayi wani ya ce waɗannan likitocin da suka yi karatu a waje ba su iya komai ba, sai takarda. Na ajiye kofina na ce masa, "Kai, rufe mana baki. Ni na riga ka faɗin wannan maganar, kuma na fi ka iya faɗinta. Ka ga inda ta kai ni." Suka kwashe da dariya suna Mai Koko, Mai Koko. Su yi ta yi. Sunan nan ban saya ba, da hannuna na dama shi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Wanda bai taɓa yin kuskure a wurin aikinsa ba ya fito mu gan shi.

Abin da na koya dai bai da yawa. Daɗewa a wuri ba ita ce sani ba, ai tabarmar masallaci ta fi kowa daɗewa a sahun gaba, amma ba ta iya Fatiha ba. Tausayin da ba ya tambaya kuma yana iya kashe mutum. In kuwa duk ka ƙi jin waɗannan, ka dage sai ka yi ƙaryarka, to ina roƙonka abu ɗaya: kada ka sa liman a shaida.